Aji huɗu zuwa shida: Darussa 11 a sabuwar manhaja, amma yara nawa ne ke iya karanta su?

Yaran da suka shiga aji huɗu na firamare a watan Satumban 2025 su ne rukunin farko a matakinsu da aka tsara za su yi karatu da sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta fitar. Kafin su kammala zangon farko, sai ga wata sanarwar da ta shafe su kai-tsaye: daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa a makarantun Najeriya, tun daga ajin share fage har jami'a.

Sanarwa biyu ke nan cikin wata uku, ta farko kan abin da za a koyar, ta biyu kan harshen da za a koyar da shi. An yi ta muhawara a kan kowacce daban. Amma a cikin aji wuri ɗaya suke haɗuwa, wato gaban yaro ɗan shekara tara ko goma da aka miƙa wa littafin kimiyya da Turanci aka ce ya karanta ya fahimta.

Abin da ke cikin jerin

Hukumar NERDC, wadda ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta raba shekara tara na ilimin matakin farko gida uku: aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. Sabuwar manhajar ba ta fara aiki a kowane aji lokaci guda ba. An tsara ta fara daga ajin farko na kowane rukuni, ta riƙa hawa tare da yaran shekara bayan shekara. Shi ya sa 'yan aji huɗu suka zama zakaran gwajin dafi a rukunin tsakiya.

A jerin da aka fitar, ɗan aji huɗu zuwa shida zai ɗauki Turanci da Lissafi da harshen gida ɗaya (Hausa ko Yarabanci ko Ibo), sai Kimiyya da Fasaha, da darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Akwai darasin addini, na Musulunci ga Musulmi, na Kiristanci ga Kirista. Akwai Tarihin Najeriya, da darasin zamantakewa da zama ɗan ƙasa, da na al'adu da zane-zane, da na share fagen sana'a, da kuma ilimin kwamfuta da na'urorin zamani. Goma sha ɗaya ke nan. Faransanci da Larabci na ganin dama ne, wanda ya ɗauki duka biyun ya kai 13.

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta ce manufar ita ce rage wa yara nauyi, domin a baya darussan wannan mataki sukan kai 15 ko fiye. Duk iyayen da suka taɓa ɗaga jakar ɗan aji biyar a makarantar kuɗi sun san ba ƙarya aka yi ba.

Sai dai wannan ba shi ne karon farko da aka rage ba.

Manhajar da ta fara aiki a 2008, bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ta zo da darussa barkatai, har wajen ashirin a wasu matakai. Da aka ga abin ya yi yawa, aka sake duba ta, sabon tsari ya fara aiki a 2014 da darussan da ba su wuce goma ba. Dabarar da aka yi a lokacin ita ce cusa darussa da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Kimiyya da Fasaha ta haɗiye motsa jiki da kwamfuta. Aka haɗa darussan addini da zamantakewa da zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro a laima guda, abin da ya tayar da ƙura tsakanin shugabannin Musulmi da na Kirista, har aka sake ware darussan addinin a 2017.

Sunaye ne suka ragu a takarda, abin da ake koyarwa bai ragu ba. Makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, suka ci gaba da koyar da kowane ɓangare a matsayin darasi mai cin gashin kansa, da littafinsa da jarrabawarsa. Ta haka goma ta koma sha biyar. Ba a kuma rasa dalilin kasuwanci a ciki ba, tunda kowane ƙarin darasi ƙarin littafi ne da za a sayar wa iyaye.

Me ake sa ran yaro ya sani kafin ya fita aji shida?

Idan aka bar sunayen darussa aka leƙa cikinsu, abin da aka daɗe ana nema daga yaran wannan mataki ba ƙarami ba ne.

A lissafi, nan ne ake barin tarawa da ɗebewa masu sauƙi a shiga manyan lambobi har miliyoyi, da ninkawa da rabawa mai tsawo, da lissafin rabi da kwata da sauran ɓangarori, da lambobi masu ɗigo, da kaso cikin ɗari. Nan ake koyon riba da faɗuwa, da auna faɗin fili da kewayensa, da yawan ruwan da mazubi ke ɗauka, da karanta jadawalin alƙaluma. A kimiyya akwai yadda abinci ke narkewa a ciki, da yadda jini ke zagaya jiki, da numfashi, da nau'o'in ƙasa da duwatsu, da rana da duniyoyin da ke kewaye ta, da maganaɗisu, da wutar lantarki, da gurɓatar muhalli. A zamantakewa akwai iyali da aure da shugabanci da matakan gwamnati uku da illar shaye-shaye. Share fagen sana'a ya ƙunshi noma da kiwo da tattalin gida, irin su ɗinki da tsara abinci mai gina jiki. A darasin Hausa akwai ƙa'idojin rubutu da karin magana da tatsuniya da rubuta insha'i da bukukuwa da sana'o'in gargajiya.

Babu abin ƙi a wannan jeri. Yaron da ya fita aji shida da rabin waɗannan a kansa ya samu abin da zai amfane shi ko da bai wuce nan ba.

Amma akwai abu ɗaya da dukansu suka jingina da shi. Daga aji ɗaya zuwa uku ana koya wa yaro karatu. Daga aji huɗu kuwa, ana ɗauka ya riga ya iya, don haka karatun ya zama makamin da zai koyi sauran abubuwa da shi. Babu wani gurbi a jadawalin aji biyar da aka ware don koyar da haɗa baƙi da wasali. Manhaja ta wuce wurin, ko yaro ya iya ko bai iya ba.

A ɗauki misalin tambayar lissafi irin ta aji shida: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara naira 40,000, ya sayar 46,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Yarinyar da ke tallar ƙosai kafin ta tafi makaranta, ko yaron da ke tsare wa babansa shago da yamma, ba za su ɓata lokaci ba wajen cewa ribar dubu shida ce. Sauran mataki ɗaya su kai ga kashi 15. Amma a takardar jarrabawa tambayar za ta zo ne a jimla uku na Turanci. Idan yaron bai iya karanta jimlolin ba, za a rubuta cewa ya faɗi lissafi, alhali karatu ya faɗi.

Abin da alƙaluma ke cewa

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021, wanda aka bi gida-gida ana gwada yara, ya gano cewa kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta tushe. A lissafi kuwa kusan kashi 25 ne. Gwajin ba mai wahala ba ne: a karanta ɗan gajeren labari irin na ƙananan azuzuwa, a amsa 'yan tambayoyi a kansa. Wato a cikin kowane yara huɗu, uku ba su tsallake ba.

Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, ya haɗa da yaran da ba sa zuwa makaranta ko kaɗan. Ya kuma ɓoye tazara mai faɗi tsakanin birni da ƙauye, tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa, da kuma tsakanin kudu da arewa, inda jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas suke can ƙasa. Ba Najeriya kaɗai ba ce: Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimta a shekara goma da haihuwa. Shekara goma kuwa ita ce shekarar ɗan aji huɗu ko biyar.

To me ke faruwa a aji idan malami yana da darasin narkewar abinci a jadawali, mafi yawan ɗalibansa kuma ba sa iya karatu? Abin da aka saba gani ne a makarantun gwamnati: malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa harafi bayan harafi kamar masu zanen hula. Ya karanta da ƙarfi, su maimaita a tare. Idan mai ƙoƙari ne, ya juya ya yi bayani da Hausa. Ranar jarrabawa a kawo tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, kowa ya canka. A ƙarshen shekara kusan kowa ya wuce aji na gaba, domin ba kasafai ake maimaita aji ba, kuma babu wurin ajiye masu maimaitawa tunda wasu na tafe a baya.

Littafin rubutun yaron a cike yake. Uban da bai yi boko ba, idan ya buɗe ya ga shafuka cike da rubutu, zai ɗauka karatu na tafiya. Sai ranar da ya miƙa masa takardar asibiti ko saƙon waya ya ce ya karanta masa.

Ba kuma za a ce yaran ba su da ƙwaƙwalwa ba. Da yawa daga cikinsu, idan suka tashi daga boko, Islamiyya suke wucewa, inda suke karanta baƙaƙen Larabci su haddace izu-izu na Alƙur'ani. A can ana bin yaro ɗaya bayan ɗaya, ba a ƙara masa sabon karatu sai ya biya na jiya. A boko jadawali ake bi.

Rikicin harshe

Shekaru da dama, manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da yara da harshen yankinsu daga aji ɗaya zuwa uku, Turanci ya zama darasi kawai, sannan daga aji huɗu a fara komawa Turanci sannu a hankali. Saboda haka aji huɗu ya daɗe yana ɗauke da kaya biyu: darussa su yi nauyi, harshe kuma ya sauya, duk a shekara ɗaya.

A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana Ministan Ilimi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe da ta ce a yi amfani da harshen uwa har aji shida. Shekara uku bayan nan, Majalisar Ilimi ta Ƙasa, a taronta na Akure a Nuwamban 2025, ta soke wannan manufa. Minista Alausa ya bayyana matakin a wani taro kan harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja, inda ya danganta yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a wasu shiyyoyi da yawan dogaro da harshen uwa wajen koyarwa.

Hujjar ministan tana da ɓangaren da ba za a yi watsi da shi ba. Duk jarrabawar da ke buɗe wa yaro ƙofa a Najeriya da Turanci ake yin ta, kuma iyaye sun sani, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma yake fafutukar kai ɗansa makarantar kuɗi inda zai ji yana Turanci. Ƙasar tana da harsuna sama da 500, mafi yawansu ba su da littattafan kimiyya ko lissafi. Ko a arewa, cewa "harshen yanki" sau da yawa yana nufin Hausa, alhali a kudancin Kaduna ko sassan Bauchi da Gombe da Adamawa da Filato akwai yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba.

Amma akwai inda hujjar ta yi rauni. Manufar 2022 ba ta samu littattafai da horar da malaman da za su sa ta tsaya da ƙafarta ba. Yaron da yake aji shida lokacin da aka amince da ita, bai ma isa rubuta WAEC ba lokacin da aka soke ta. Abin da ke gudana a azuzuwan arewa tun da daɗewa ba koyarwa da Hausa ba ne a tsare. Cakuɗe ne: littafi da Turanci, allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, bayanin baki da Hausa. Yaro ya fita bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, bai iya da Turanci ba. Wanda zai ɗora laifin wannan a kan harshen uwa sai ya fara nuna makarantun da aka yi koyarwar da shi yadda ya kamata.

Inda aka yi, sakamakon bai goyi bayan ministan ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare tare da ba su darasin Turanci mai kyau, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Dalilin ba boyayye ba ne: sau ɗaya ake koyon karatu. Yaron da ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da kalmar da ya sani, zai ɗauki wannan dabara ya shiga da ita wani harshe. Hausa ma tana da sauƙi a nan, domin kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, saɓanin Turanci.

A zahiri, sanarwar Abuja ba za ta hana malamin ƙauye yin bayani da Hausa ba, domin in bai yi ba babu mai fahimtarsa. Abin da za ta iya yi shi ne ta sanyaya gwiwar masu buga littattafan karatu na Hausa da masu horar da malamai a kan koyar da su.

Tarihi ya dawo, kwamfuta ta samu gurbi

Darussa biyu ne suka fi jan hankali a sabon jerin. Na farko Tarihi, wanda aka cire daga manhajar matakin farko tun wajen 2009. An sha sanar da dawo da shi. A 2022 an ƙaddamar da shirin horar da malaman Tarihi 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. A jiha kamar Kano, mai dubban makarantun firamare, malamai ɗari ɗigo ne a teku. Yanzu an ce wajibi ne tun daga aji ɗaya, kuma zai ƙunshi asalin al'ummomin ƙasar da sarakuna da jarumai da mulkin mallaka da abin da ya biyo bayan 'yancin kai.

Tarihi yana cikin darussan da malami zai iya koyarwa ko babu kayan aiki, in dai ya san abin. Ganuwar Kano da Gobarau ta Katsina da labarin Sarauniya Amina da daular Borno da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo duk suna kusa da yaran, wasu ma a kan hanyarsu ta zuwa makaranta. Haɗarin shi ne ya zama wani jerin shekaru da sunaye da za a kwafa daga allo.

Na biyu shi ne ilimin kwamfuta da na'urorin zamani, wanda aka ciro daga cikin Kimiyya aka ba shi gurbinsa. Babu mai musun amfaninsa, ganin yadda yara ke riƙe wayoyin iyayensu suna shiga intanet ba tare da sanin haɗarin da ke ciki ba. Amma a makarantar da ba ta da wuta, darasin yakan tsaya ne a zanen kwamfuta a allo da haddace sunayen sassanta. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano a watan Yunin 2024, shi da kansa ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Inda benci ya gagara, maganar kwamfuta sai a hankali.

Wa zai koyar?

Abuja ce ke rubuta manhaja, amma ba ita ke da makarantun firamare ba. Suna hannun hukumomin SUBEB na jihohi da sassan ilimi na ƙananan hukumomi, kuma daga kason ƙananan hukumomi ake biyan albashin malamai. Hukumar UBEC tana ba jihohi tallafi daga kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohin ba su kawo ba.

Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A manyan garuruwan arewa ba abin mamaki ba ne a ga aji mai yara sama da ɗari. Ƙidayar ma'aikata da UBEC ta yi a 2022 ta nuna giɓin malamai kusan 195,000 a makarantun firamare na gwamnati. A makarantar da malamai uku ko huɗu ke riƙe da azuzuwa shida, mutum ɗaya ne malamin Lissafi da Tarihi da Noma da Kwamfuta.

Ga kuma batun ingancin waɗanda ke akwai. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a Kaduna, ta ce 21,780 ba su samu maki 75 cikin ɗari da aka gindaya ba. Tambayoyin na matakin aji huɗu ne. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, har ta shiga yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abin da aka gwada malaman a kai shi ne abin da ake sa ran su koyar a wannan mataki.

Sannan sai an buɗe makarantar kafin a yi maganar darasi. A Abuja, babban birnin ƙasa, malaman firamare na gwamnati sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, daga Maris zuwa Yuli, kan rashin biyansu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. 'Yan aji shida na wannan shekara sun rasa kusan zango guda gab da fitarsu.

A makarantun kuɗi matsalar wata iri ce. A can jarrabawar shiga sakandare ce ke jan ragamar aji biyar da shida. Jarrabawar da NECO ke shiryawa don shiga makarantun haɗaka na Gwamnatin Tarayya ta fi karkata ga Lissafi da Turanci da Kimiyya da zamantakewa da tambayoyin gwada kaifin basira, don haka darussa irin su Hausa da zane-zane da noma sukan koma gefe. Da yawa ma ba su da aji shida sai a suna, domin daga aji biyar, wani lokaci huɗu, iyaye ke tsallakar da yara zuwa sakandare. Manhajar da aka tsara wa shekara uku sai a matse ta a biyu ko a bar ƙarshenta.

Abin da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa

Akwai wata hanya da aka riga aka gwada a kan 'yan wannan rukuni daidai. A 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano, tare da British Council da tallafin gwamnatin Birtaniya, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. An ɗauko dabarar ce daga ƙungiyar Pratham ta Indiya.

Yadda ake yi ba shi da sarƙaƙiya. Malami zai zauna da kowane yaro na 'yan mintoci ya gwada shi: yana gane baƙaƙe? Yana iya karanta kalma? Jimla? Gajeren labari? Daga nan a raba yaran rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ko shekarunsa ba. Ɗan aji shida da bai san baƙaƙe ba zai zauna da ɗan aji huɗu irinsa. A ware wani lokaci a kowace rana a ajiye manhaja gefe, a koyar da karatu da lissafi daga tushe, da katunan baƙaƙe da tsinke da ƙananan labarai. Wanda ya iya matakinsa ya hau na gaba. Da Hausa ake fara karatun, sannan a yi amfani da ita a matsayin gada zuwa Turanci. Annobar korona ta katse shirin a 2020, aka koma rediyo da takardun aikin gida kafin a dawo aji. An yi irin wannan a Borno tare da UNICEF.

Kafin nan an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, waɗanda suka samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga ƙananan azuzuwa. Raunin dukansu ɗaya ne: kuɗin waje ne ke riƙe da su. Hukumar USAID ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin Mu Karanta, an rufe ta a 2025.

Irin wannan tsari bai buƙatar sabon gini ko wutar lantarki, amma yana cin lokaci, kuma daga cikin darussa 11 ɗin nan za a yanko lokacin. Nan ne cikas yake. Idan jami'in duba makarantu ya zo, abin da yake nema shi ne littafin tsarin darasi da shaidar cewa an kai inda jadawalin mako ya ce. Ba ya ɗaukar yaro ya miƙa masa labari ya ce karanta. Hedimastan da ya cire awa ɗaya daga jadawali ya ba koyon baƙaƙe a aji biyar yana iya samun takardar tuhuma, ko da ya san shi ne abin da yaransa ke buƙata. Sai SUBEB ta ba da izini a rubuce, ta kuma sa gwajin karatu cikin abin da masu duba makarantu ke tambaya.

Wannan mataki ne da kowace jiha za ta iya ɗauka ba tare da jiran Abuja ba, tunda makarantun nata ne. Yaran da suka fara sabuwar manhajar a aji huɗu za su fita aji shida a tsakiyar 2028, kuma ga da yawa daga cikinsu, musamman 'yan mata a karkara, nan ne karatun boko yake tsayawa.